IYA MAI ƘULI: GADON DA KAKATA TA BAR MANA

(Jawabin da wani ɗan ajin 1982 ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Mai girma Shugaban taro, Shugaban Ƙungiya da 'yan kwamitinsa, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai da suka koyar da mu da waɗanda alli ke hannunsu a yau, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, da 'ya'yanmu ɗalibai da ke zaune can baya, ina yi muku barka da zuwa. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake tara mu bana, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Waɗanda muka zauna da su bara amma yau babu su, Allah Ya jiƙan su, Ya kyautata namu zuwan.

Al'adar wannan taro ce a keɓe lokaci don tunawa da wani malami ko shugaban makaranta. Bana kwamiti ya yi mini alfarma, ya yarda in yi magana a kan wata baiwar Allah wadda ba ta taɓa zama a aji ba, amma 'yan ajinmu da na gaba da mu da na bayanmu duk sun ci daga hannunta. Ina nufin kakata ta wajen uba, wadda a gida muke kira Iya, ku kuma kuka laƙaba mata Iya Mai Ƙuli. Na hango wasu masu furfura sun fara murmushi. To, wanda ya san ya ci ƙulin Iya, yau ranar biyan bashi ce, sai ya ba ni aron kunnuwansa.

A zamaninsu ba a rubuta ranar haihuwa, da abin da ya faru ake lissafi. Iya ta ce an haife ta shekarar yunwar 'Yar Buhu, wadda masana tarihi suka ajiye a 1927, a wani ƙauye na ƙasar Kaita, arewa da birnin Katsina, inda in ka yi 'yar tafiya kaɗan ka shiga ƙasar Nijar. Ta ga zamanin sarakunan Katsina huɗu: Muhammadu Dikko, da Usman Nagogo wanda ya hau a 1944, da Muhammadu Kabir Usman wanda ya hau a 1981, da Abdulmumini Kabir Usman wanda ya hau a 2008. Ta zauna a Lardin Katsina, ta zauna a Jihar Arewa ta Tsakiya, da Jihar Kaduna, da Jihar Katsina bayan an ƙirƙiro ta a 1987, alhali kuwa ba ta gusa daga ɗakinta ba. Takan ce, "Ni dai ina zaune, ƙasar ce ke ta ƙaura."

Tana amarya, ko lallen ƙafarta bai gama goguwa ba, yunwar 'Yar Gusau ta 1942 ta faɗo. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Turawa suna matsa wa talakawa da neman hatsi, suna kuma kwasar majiya ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, abin da mutanenmu suka kira diban gwamna. Kakana yana cikin waɗanda diban ya faɗa wa. Aka bar yarinya 'yar shekara goma sha biyar da surukarta tsohuwa da rumbu wanda ake jin amon ƙasansa in an ƙwanƙwasa. Sauran mazan gidan suka kora jakuna suka nufi yamma neman abinci. Ta ba mu labarin yadda suka rayu da kwaɗon tafasa da yaɗiya da rama, da 'ya'yan aduwa, da kunun dusa wanda in ka leƙa kana ganin fuskarka. Ba don ta tsorata mu take ba da wannan labari ba. Takan kawo shi ne duk sa'ad da ta ga yaro ya bar loma a akushi.

Daga wannan yunwa ta ɗauki wata ɗabi'a da ba ta bari ba har ta koma ga Mahaliccinta. Kullum in aka auno hatsin tuwo, kafin a kai shi turmi sai ta cika tafin hannunta ta zuba a wani tulu da ke ƙuryar ɗaki. Ba wanda ya taɓa jin tuwon ya ragu. In tulun ya cika ta juye a buhu, ta sake farawa. Kishiyoyinta sun yi mata dariya, matan 'ya'yanta sun yi, mu jikoki ma mun yi. Amsarta ɗaya ce, "Da sanyin safiya ake kama fara."

Ta haihu tara, huɗu suka rayu. Agana ta ɗauki biyu, ƙyanda ta ɗauki ɗaya, biyu kuma ko suna ba a yi ba. 'Ya'yanmu da ke can baya ba su san agana ba, domin rabon da a gan ta a Nijeriya tun 1970, kuma a 1980 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Iya kuwa ta san ta ido da ido. Saboda haka duk ranar da masu lamba suka shigo gari, sa'ad da wasu mata ke tura yara ƙarƙashin gado ko cikin rumbu, ita tasa mu take yi a gaba har gindin bishiyar ƙofar mai gari. Tabon yana nan a dantsena, kuma na san da yawa daga cikinku in kuka naɗe hannun riga za a ga irinsa.

Ni ɗan fari ne, kun kuwa san al'ada. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, ba ta sakewa da ni a gaban mutane saboda alkunya. Ranar yaye aka kai ni ɗakin Iya, ban kuma sake fitowa ba. Ta kira ni Maigida, ni kuma in ce na sake ta tun da ba ta da haƙoran tauna nama, ita kuma ta ce ba ta taɓa ganin maigidan da ba ya kawo cefane ba sai ni. A ɗakin nan na ji tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, a nan na ga yadda ake gurzar auduga, a shiɓe ta, a kaɗa zare da mazari a hasken aci-bal-bal. A nan kuma aka koya mini alwala, da gaida manya a tsugune, da cewa baƙo ba ya kwana da yunwa a gidan da ake hura wuta.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tun asuba za ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, a daka ta har ta yi laushi, sa'an nan ta riƙa juyawa tana ɗiga ruwan zafi har mai ya tsatso. Ta matse tunkuzar, ta mulmula, ta toya a cikin man da ya fito daga jikinta. Kwalaben mai su tafi kasuwa, ƙuli ya tafi talla. Ribar ba ta kwana a ɗaki: kashi ɗaya adashi, kashi ɗaya cefane, abin da ya rage a sayi 'yar akuya. Burinta a duniya guda ne, awakin nan su taru su kai ta Makka.

Kakana ya rasu 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. A 1971 kuma annobar amai da gudawa ta ratsa ƙasar nan, ta ɗauki mahaifina cikin kwana biyu. Shi ne babban ɗanta, shi ke riƙe da gandu. Ina da shekara bakwai, amma ina tune da cewa har aka share makoki ban ji ta ɗaga murya ba. Carbi ne a hannunta, masu gaisuwa na kuka ita tana ba su haƙuri. Bayan sadakar bakwai ta ɗora kaskon suya, ta ce marayu ba su cin hawaye.

Ba a warke daga wannan ba sai farin 1973 ya zo. Gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka yi ta faɗuwa. Buzaye da sauran mutanen arewa suka gangaro daga Nijar, wasu da raƙumi ɗaya, wasu da ƙafa. A shekarar ne waɗanda suka yi wa tulun Iya dariya suka gane karatun. Buhunan da tafin hannunta ya tara su suka riƙe gidanmu har aka kai ga sabon hatsi. Kowace safiya kuma sai ta dama kunu a babbar ƙwarya ta aika zaure don baƙin da suka sauka a bakin gari. Wani daga cikin iyayenmu maza ya ce mata, "Iya, mu ma fa ba mu tsira ba." Ta ce, "Wanda Ya ba mu bai ce namu ne mu kaɗai ba."

A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa a arewa, gonaki suka lalace, noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano ya durƙushe. Ga mai ƙuli wannan karayar jari ce. Iya ba ta zauna zaman jiran gyaɗa ba. Ta koma sayen kalwa tana daddawa, tana tuyar ƙosai da safe, ƙuli kuwa sai ɗan abin da ta samu gyaɗarsa da tsada.

Jama'a, na kawo duk wannan ne don ku san halin da gidanmu ke ciki a 1977, shekarar da sakamakon jarrabawa ya fito aka ce na sami wannan makaranta. Ƙannenmu na yanzu za su ce, ai a lokacinku gwamnati ke ciyarwa, ita ke ba da littattafai, to ina wahalar? Gaskiya ne, gwamnati ta yi mana gata. Amma akwai kuɗin da ba ya cikin takardar makaranta. Yaro ɗan shekara goma sha uku a ƙauye fartanya ce guda a gona. In ya tafi makarantar kwana shekara biyar, wa zai yi noman rabonsa? Iyayena maza suka zauna a zaure suka yanke cewa firamaren da na yi ta isa. Ba mugunta ce ta sa su ba, lissafin damina suka yi, kuma lissafinsu daidai ne.

Iya ta aika aka kira su. Ban taɓa ganin ta sa baki a shawarar zaure ba sai ran nan. Ta tambaye su nawa za a biya ɗan ƙwadago ya yi aikin da zan yi, tun daga shuka har girbi. Suka faɗa. Ta ce ta ɗauka, kowace shekara, har in gama. Suka ce da me? Ta nuna garken awakinta. Suka ce, "Iya, Makkar fa?" Ta ce, "Ka'aba ba ta tashi daga inda take. Yaro kuwa in lokacinsa ya wuce ya wuce." Ranar kasuwa aka kora awaki huɗu. Daga kuɗinsu aka saya mini akwatin ƙarfe da bokiti da bargo da takalmi, aka ajiye na 'yan ƙwadago. Haka ta yi ta yi damina biyar, garken na raguwa ni ina ƙara aji.

Sauran labarin ku ne shaidunsa. Kun tuna ranar ziyara, yadda akori-kura ke sauke ta a bakin ƙofa, ƙura ta yi mata buɗu-buɗu, da ƙwarya a ka da ƙullin yaji da dakuwa a hannu. Kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, "Maigida, su wa ba a zo musu ba?" In lissafa, ta ce in kira su. Ta zaunar da su a gindin bishiyar darbejiya, ta raba, nawa kason bai fi na kowa ba. A lokacin muna Jihar Kaduna ɗaya, muna da 'yan'uwa daga Kafanchan da Zonkwa da Kagoro waɗanda nisa ke hana iyayensu zuwa. Iya ba ta taɓa tambayar yaro addininsa ko yarensa ba, abin da take tambaya shi ne ko ya ci abinci. Wannan ƙuli shi ya rufa mana asiri a daren da gabza ta gagara haɗiyuwa, mu jiƙa garin kwaki mu marmasa shi a ciki.

Malamanmu, ku ma kuna da kaso. Malamin gidanmu a lokacin bai kai mahaifina shekaru ba, amma Iya sai ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta ce, "Malam, ga amana nan, in ya yi ba daidai ba kada a jira ni." Malaminmu na lissafi mutumin Indiya, da na Turanci mutumin Gana, da 'yan hidimar ƙasa da aka turo daga kudu, kowa akwai ƙullinsa. Ba ta jin yarensu, ba su jin nata, amma sukan daɗe suna gaisawa. A wurinta duk wanda ya koya wa yaro harafi ɗaya ya zama uba, kuma da wannan tarbiyya muka zauna lafiya da ku.

Kada ku ɗauka don ba ta yi boko ba duniya ta shige mata duhu. Da aka sauya kuɗi a 1973 aka kawo naira da kwabo, ta ci gaba da lissafinta da fam da sule, amma ba a taɓa cin ta ko sisi a kasuwa ba. Da aka sake canjin kuɗi a watan Afrilun 1984, aka rufe iyakoki, mutanen ƙauye suka yi ta layi a bankunan birni da kuɗin da suka tono daga ƙasa, wasu har wa'adi ya cika ba su canza ba, Iya tana gida tana ba awaki dusa. Ta ce, "Bankina ƙafa huɗu gare shi, ba a canza masa launi." A zaɓen 1979 kuwa, wanda shi ne babban zaɓen ƙasa na farko da matan arewa suka jefa ƙuri'a, ta yi lulluɓi ta je ta bi layi. Muka dame ta ta faɗa mana ko gida da masara ta zaɓa ko mabuɗi. Ta ce, "Ina amfanin gida ba mabuɗi, ina amfanin mabuɗi ba gida?" Har ta rasu ba wanda ya ji.

Game da ibada, abin da ta samu tana yarinya bai wuce gajerun surorin salla ba, domin an yi mata aure da wuri. Amma ta riƙe abin da ta sani da kyau: azumin Litinin da Alhamis, da Sitta Shawwal, da azumin tsofaffi, da tuwon almajirai wanda ba ya yankewa, da wainar sadaka ranar Juma'a. Da makarantun Islamiyya na matan aure suka yaɗu a shekarun 1980, tana dab da shekara sittin ta sayi allo da Ƙawa'idi ta shiga aji ɗaya da sa'o'in jikokinta. Aka ce, Iya da tsufanki? Ta ce kabari ba ya tambayar shekaru. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, dattawan mata ta zaɓa ta naɗa su jajis, su ke kai karatu ƙauyuka ga 'yan'uwansu mata. Iya ta yi shekaru tana bin karatunta a hankali har ta iya duba Alƙur'ani da kanta.

Makka kuwa sai a 1990 Allah Ya kira ta, shekara goma sha uku bayan ta sayar da awakin farko. Lokacin na fara aiki, darajar naira kuma ta zube tun daga 1986, kujera ta yi tsada. Na ce zan biya duka, ta ƙi. Ta ce sai guminta ya shiga ciki. Ta sayar da garken da ta sake tarawa, na cika sauran. A hajjin shekarar ne aka yi turmutsutsu a hanyar ƙarƙashin dutse ta Mina, mutum 1,426 suka rasu. Babu wayar hannu a lokacin. Muka kwana muka wuni a gindin rediyo, daga Kaduna mu koma London, daga London mu dawo Kaduna. Sai da jirginsu ya sauka muka ga ta fito da butarta a hannu. Tsarabar da ta kawo mini carbi ne da ruwan Zamzam, ta ce, "Maigida, ka ga Ka'abar ta jira ni."

Ta rasu a 2010, 'yan watanni bayan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, tana da shekara tamanin da uku. Ta ga jikoki, ta ga tattaɓa-kunne. Da aka buɗe ɗakinta, abin da aka samu shi ne likkafaninta da ta saya ta ajiye, da Alƙur'aninta, da 'yan tufafi, da tulun nan da gero har rabinsa. Ba ta bar bashin kowa ba. Wasu daga cikinku sun baro Kaduna da Abuja da Jos sun zo gaisuwa, iyalinmu ba za su manta ba.

'Yan'uwa, na san ba ni kaɗai ke da Iya ba. In aka bi ɗakin nan kujera-kujera, za a tarar kusan kowa akwai wata tsohuwa da ta sayar da akuya ko tasa ko zanen aurenta don ya zauna a aji. Saboda haka ina roƙon wannan Ƙungiya abu biyu.

Na farko, irin su Iya suna nan da yawa a yau, nauyinsu ma ya fi nata. Ta'addancin 'yan bindiga ya tashi ƙauyuka a Batsari da Safana da Jibiya da Faskari da wasunsu, ya bar marayu a hannun kakanni. Satar ɗalibai fiye da 300 da aka yi a Ƙanƙara a watan Disambar 2020 ta sa iyaye da yawa sun ji tsoron makarantar kwana. Awakin da tsohuwa za ta sayar ma an kore su. Ina ba da shawara mu buɗe asusu na musamman, a ƙarƙashin kulawar ma'ajinmu da Shugaban Makaranta, don ɗaliban wannan makaranta da ke hannun kakanninsu. Malaman aji sun san su. Kowane aji na tsofaffin ɗalibai ya ɗauki yaro ɗaya, tun daga shigarsa har ya gama, a kuma riƙa karanta rahoton asusun a wannan taro kowace shekara. Ni da iyalina mun ɗauki yaro na farko, ladan Allah Ya kai kabarin Iya.

Na biyu, wanda kakarsa ko mahaifiyarsa ke raye, ya je ya zauna da ita ya ɗauki maganarta. Littafin Baba ta Karo da aka buga a 1954, wanda har yau ake karantawa a jami'o'in duniya, hirar wata tsohuwa Bahaushiya ce da wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna ta rubuta. Yau kowannenmu yana da na'urar ɗaukar magana a aljihunsa. Ku tambaye su sunayen yunwa da na shekaru, da yadda aka yi aure da fatauci da sana'a, da asalin gidajenku. Ina roƙon editan mujallarmu ya ware shafi biyu a kowace fitowa don irin waɗannan labarai.

Ku kuma 'ya'yanmu ɗalibai, in an yi hutu kun koma gida, ku binciki wanda ya sayar da wani abu nasa don ku zo nan. Ku san shi, ku gode masa tun yana jin godiyar, ku kuma yi karatun da zai sa ya ce bai yi asara ba.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya sa Aljanna ce makomarta. Allah Ya jiƙan kakanninmu da iyayenmu da malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya. Waɗanda ke raye Allah Ya ƙara musu lafiya, Ya ba mu ikon kyautata musu. Allah Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.